Wasiƙa Zuwa ga Sarkin Jirgin Tsakar Gida

Ndagi, bawan Katsinawa, ina gaisuwa. Bisa ƙa'ida kai ya kamata ka tako ka zo ka durƙusa ka gaishe ni, amma tunda na ji an ce yanzu ka zama mai jirgi, kuma masu jirgi ba su cika ganin na tudu ba, bari in sauke girma in fara.

Labarin ya riga hoton isowa. Uwargidanka ce ta kawo kuka wurin tawa, wai wata bakwai ke nan ba ta da wurin shanya, domin daga bakin rijiya har ƙofar madafa wani abu ya tare hanya, dogo, mai tsini gaba da baya, yana warin kwalta. Kaji sun bar akurki sun koma kwana a cikinsa. Akuya ta haihu a inuwarsa. Jikoki sun mai da shi makarantar wasan ɓuya. Da na tambaya mene ne wannan abu, sai aka ce ai Malam ne yake ƙera jirgin ruwa. Na ce a ina? Aka ce nan cikin birnin Katsina. Na ce da wane ruwan? Sai kowa ya shiga gyaran ɗankwali.

Mai karatu, kada ka ce na ci mutuncin dattijo mai furfura. Tsakanin Bakatsine da Banufe ba a shiga, wasa ne muka gada, mun tarar ana yi kuma za mu bar shi ana yi. In na haɗu da shi a kasuwa ban tsokane shi ba, shi zai biyo ni gida ya tambaya ko lafiya. Kuma wannan Banufen nawa na musamman ne. Mahaifinsa ya taso daga wajen Bida da aikin tagulla, ya sauka Katsina, ya ga mutanen kirki, ya kasa komawa. Nan aka haifi Ndagi, nan aka yanke masa cibi, fura da nono suka raine shi. Nufancinsa bai wuce gaisuwa da sunan abinci ba. Amma tun muna aji huɗu a firamare yake bugun ƙirji yana cewa jinin ruwa ne a jikinsa, kuma wata rana sai ya ƙera jirgi da hannunsa ya shiga ya tuƙa muna kallo.

Ka tuna kududdufin bayan ganuwa, Ndagi? Wanda ake ɗibar ƙasar gini da rani, da damina ya cika ya zama namu mu da kwaɗi. Lokacin da sauran yara ke ƙera motar kara da ta langa-langa, kai jirgi ka sa a gaba. Na farko na kara ne, ka ɗora masa ƙadangare a matsayin fasinja, ƙadangaren ya fi ka hankali ya yi tsalle tun ba a bar gaɓa ba. Na biyu gwangwanin kifi ne. Na uku shi ne wanda unguwa ba ta manta ba har yau: ka ɓalle fallen kwano daga rufin rumfar awakin babanka, ka lanƙwasa shi, ka ɗaure bakinsa biyu da waya, ka bi titi da tsakar rana kana ƙwaƙular kwaltar da zafi ya narkar kana liƙe hujojin ƙusa. Inda kwalta ta kasa ka cusa tsumma. Ka ce in shiga, na ce mu Katsinawa kunya gare mu, ba ma shiga gaban baƙo. Ka shiga kai kaɗai, da muciyar innarka a matsayin filafili. Taku goma daga gaɓa muka ga kwano ya yi sallama, ya bar mana hularka tana yawo a kan ruwa. Allah ya so ruwan iya ƙirji ne. Ka fito da laka har gira, muciya ta tafi ke nan, ranar gidanku da ludayi aka tuƙa tuwo, kuma kukanka da dare har Ƙofar Marusa an ji shi.

Na ɗauka bulalar ranar ta warkar da kai. Ashe ciwon kwanciya ya yi, ya jira ka yi shekara talatin da biyar kana aikin gwamnati, ka aurar da 'ya'ya, ka karɓi kuɗin sallama, sannan ya tashi. Abokanka da suka ajiye aiki wani ya buɗe shagon siminti, wani ya koma gona, wani ya shiga kiwon kaji. Kai ka tafi 'yan katako.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ka fito daga gidan da bai kamata a ce ana koyon jirgi a waya ba. Mutanenka ne suka riƙe kogin Kwara shekaru aru-aru. Labarin baka na Nufawa ya ce Tsoede, wanda ya kafa daularku, a jirgin tagulla ya gudo daga Idah ya hauro kogi. Tagulla fa, ba fallen kwano ba. Akwai Kyadya, waɗanda wasu ke kira Kede, Nufawan da ba su da gona sai ruwa, da sarkinsu Kuta a Muregi, daidai inda kogin Kaduna ya zuba cikin Kwara. Su ke fito, su ke dakon kaya daga wannan kasuwa zuwa waccan, yaro a cikinsu yana iya riƙe filafili kafin ya iya ɗaura wando. A Fategi har bikin tseren jirage ake yi, a jera kwale-kwale ana kiɗa ana tuƙi. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to kai ko rarrafen ba ka yi ba, zama ka yi. Kwara ba ka taɓa ganinta ba sai ta tagar mota a kan gadar Jebba, kuma wanda kuka yi tafiyar tare ya rantse mini idonka a rufe yake har aka haye, bakinka yana motsi.

Kuma kada ka manta da alherin iyayen gidanka. A 2009 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya ƙaddamar da aikin yashe kogin Kwara har zuwa Baro. A 2019 marigayi Muhammadu Buhari ne ya je ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro ɗin, a tsakiyar ƙasarku. Ɗaya ɗan birni, ɗaya ɗan Daura. Wato mu da ba mu da kogi mu ne muke share muku naku. Har yanzu ban ga ka zo godiya ba.

Ranar da na je ganin abin da idona, na tarar da kai tsugune da fensir a bayan kunne, wayarka jingine da buta, wani Bature a ciki yana ta surutu yana goge katako. Kafin in buɗe baki ka tare ni da cewa ai Annabi Nuhu, alaihis salam, shi ma a tudu ya sassaƙa nasa, kuma mutanensa dariya suka yi masa. Ndagi, ka ji tsoron Allah. Shi umarni aka ba shi daga sama, kuma an yi masa alkawarin ruwa. Kai wa ya aike ka? Mu nan in an yi ruwan awa biyu sai a fito ana barka, in an yi na awa huɗu sai a fito ana jaje saboda katangu. Wannan misalin ka ajiye shi, ya fi ƙarfinka.

Da wannan ta ƙi, sai ka jawo Dufuna. A nan kam na ba ka rabin gaskiya, domin labari ne da ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da itace mai tauri a can ƙasa, wajen zurfin mita 5. Ashe kwale-kwale ne. Masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka zo suka yi aiki a kai, aka tone wurin a 1994. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, faɗinsa wajen rabin mita, an sassaƙe shi daga gungume guda. Da aka auna shekarunsa sai aka tarar ya kai kimanin 8,000. Babu jirgin da aka taɓa tonowa a Afirka da ya kai shi tsufa, yanzu yana ajiye a Damaturu. Hujjarka ita ce, tunda an samu jirgi a inda yau sai rairayi da ƙaya, to jirgi a Katsina ba abin mamaki ba ne. Abin da ka tsallake shi ne, lokacin da aka sassaƙa wancan, yankin cike yake da ruwa, tafkin Chadi ya ninka na yau sau da yawa. Mai shi bai yi don ya burge abokin wasa ba, ruwa ne ya kewaye shi. Sannan ka dubi aikin: mutumin da bai san ƙarfe ba, ba zarto, ba ƙusa, ba Bature a waya, ya yi abin da ya kwana shekara dubu takwas a ƙasa bai ruɓe ba. Naka tun bai ga ruwa ba gara ta fara kawo ziyara. Iyakar kamannin da na hango tsakaninku shi ne, naka ma in ba a yi hankali ba masu haƙa rijiya ne za su gano shi.

Tunda kana son tarihi, ga wanda ya fi dacewa da kai. A 1805 Bature Mungo Park ya isa Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yau, mutanensa sun kusa ƙarewa da zazzaɓi. Ya samu tsofaffin kwale-kwale, ya cire ruɓaɓɓen ɓangare ya haɗa masu sauran ƙwari, ya yi jirgi guda mai tsawon ƙafa 40, ya raɗa masa suna Joliba, sunan da mutanen can ke kiran kogin. Kuma ka san abin haushi? Jirgin ya yi tafiya. Ya wuce Tumbutu, ya wuce Gao, ya sauko har Yawuri, tafiyar fiye da kilomita 1,500. A duwatsun Busa ya maƙale, a nan Baturen ya halaka a 1806. Wurin ma yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968. Na kawo maka wannan don ka san jirgin haɗe-haɗe yana iya tashi lafiya, saukarsa ce abin tambaya.

Yanzu bari in faɗi gaskiya kan abin da na gani, ko da za ta yi maka daɗi. Jirgin ya yi kama da jirgi. Na zagaya shi sau biyu ina neman inda zan ce akwatin gawa ne, ban samu ba. Haƙarƙarinsa na maɗaci ne, ka jera su daidai, ka lanƙwasa katakon gefe ba tare da ya tsage ba, wanda ni da nake dariya ko kujerar tsugunno ban taɓa haɗawa ba. Na kuma yi maka lissafi a hanya. Ƙa'idar mai sauƙi ce, ita ce dai wadda aka koya mana a makaranta kana barci: jirgi yana ɗaukar nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Naka tsawonsa mita 4, faɗinsa ya haura mita 1, gindinsa shimfiɗaɗɗe. In ya nutsa santimita 20 kawai, ko an cire abin da tsinin gaba da baya suka rage, ya ture ruwan da ya haura kilo 500. Wato zai ɗauki kansa, ya ɗauke ka, ya ɗauki tumbinka, har a samu wurin buhun masara. A takarda ka ci.

Sai dai ruwa ba ya karanta takarda. Falankin da ka shimfiɗa a gindi irin na silin ne, wanda in ya sha ruwa yake kumbura ya rabu falle-falle kamar littafin da aka bari a ruwan sama. Akwai wanda ake yi musamman domin ruwa, da gam ɗin da ba ya narkewa, ya fi tsada, shi ya sa ka yi kamar ba ka ji Baturen ba lokacin da ya zo wurin. Ƙusoshinka na kafinta ne, damina ɗaya tsatsa za ta cinye su. Kwaltar da ka shafa a waje, rana ta riga ta fara tsattsaga ta, domin ka bar katako yana gasuwa wata bakwai a tsakar gida. Maƙeran jirgi na bakin kogi sukan cusa auduga ko tsumma a tsakanin katakai, su liƙe, sannan su bar jirgin ya kwana a ruwa katakon ya sha ya kumbura ya matse kansa. Duk da haka ba za ka ga jirginsu babu ƙwaryar kwalfe ruwa ba. Kai da na tambaye ka ina taka ƙwaryar, cewa ka yi naka ba zai yi yoyo ba. Haka ka ce a bayan ganuwa.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan kujerar. Jama'a, kujerar falo ya ɗauko, mai hannu, mai katifa, ya kafa ta a tsakiyar jirgi a kan dakali, wai nan direba zai zauna. Ndagi, ka taɓa ganin mai fito a kan karaga? Ba don ba su san daɗi ba ne suke zama a ƙasa-ƙasa. Nauyi in ya hau sama, jirgi rawa yake yi, ka juya ka amsa sallama sai ka tsinci kanka kana gaisawa da tarwaɗa. Cire kujerar nan ka mayar wa baiwar Allah falonta ya cika.

Daga nan na ɗauki igiyar awonka na nufi zaure, kana bina kana tambaya me zan auna. Faɗin jirgi mita 1 da santimita 20. Faɗin ƙofa santimita 90. Ko an karkata shi a gefe, zauren gidanka irin na da ne, ka shiga ka yi kwana kafin ka ga tsakar gida, yadda baƙo ba zai hango iyali ba. Kakanninmu da suka tsara shi sun yi tunanin jaki da kaya, sun yi tunanin makara, ba su yi tunanin Banufe ba. Na ga fuskarka lokacin da lissafin ya shiga. Ka daɗe kana kallon katanga, sannan ka ce dama tana bukatar gyara.

To a ce an rushe katanga, ko an tara majiya ƙarfi an ɗaga shi ta sama. Sai ina? Ajiwa ce mafi kusa, ga Jibiya, ga Zobe can wajen Dutsin-ma. Duk madatsu ne, ruwan sha da na noman rani, kuma kowanne da masuntansa da masu kula da shi, ba a zuwa a jefa abu haka kawai sai an yi sallama da su. Ka nemi izini, ka nemi babbar mota, ka shirya amsar da za ka ba duk wanda ya tsayar da ku a hanya ya ga jirgi a bayan mota ya nufi daji. Da ka ji shawarata tun farko, da Argungu na tura ka ka sayo gora irin ta masu su. Kabawa da ita suke faɗawa kogin Matan Fada, mutum ya kwanta a kanta ya riƙe koma, ba ƙusa ba kwalta, kuma tana wucewa ta kowane zaure.

Akwai magana ɗaya da ba wasa a cikinta, ka saurare ni da kyau. A watan Yunin 2023, a yankin Fategi, jirgi ya kife da mutanen da suka dawo daga biki cikin dare, fiye da 100 suka rasu. Waɗannan 'yan bakin kogi ne, da yawansu a ruwa suka tashi. Kusan kowace damina sai mun ji irin wannan a Neja ko Kebbi ko Sakkwato, kuma dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tsohon katako, tafiyar dare, kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, ga babu rigar da ke hana nutsewa. Kai ko iyo ba ka iya ba, kuma madatsa ba kududdufi ba ce da za ka miƙe tsaye ruwa ya tsaya maka a ƙirji. Na ji jikokinka suna rabon wurin zama, har ƙaramar ta ce ita ce a gaba. Ba yaron da zai taka jirgin nan. Ka fara ɗaure shi da igiya a gaɓa, ka loda masa buhunan yashi daidai nauyinka sau biyu, ya kwana. In gari ya waye yana sama, ka samu masunci ya zagaya da shi. Sai bayan nan kai, da rana tsaka, da riga a jikinka, kusa da gaɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura abu guda da na daɗe ina riƙewa, yau zan sauke tunda mun tsufa. Ranar jirgin kwano, lokacin da ka koma gida ɗauko muciya ka bar ni gadi, ni na zare tsumman da ka cusa a babbar hujar baya. Ba mugunta ba ce, so nake in ga ko gaskiya ne Banufe ba ya nutsewa. Na samu amsa. Shekara hamsin da wani abu kana zargin kwalta, kana cewa ba ta gama bushewa ba, ni kuwa ina gyaɗa kai ina cewa haka ne. Wataƙila da na bar tsumman nan ka haye kududdufin, ka huce, yau da uwargidanka tana da wurin shanya. Saboda haka ina da kaso a cikin wannan jirgi, kuma ba zan nemi gafara ba, domin ubangida ba ya neman gafarar bawansa. Abin da zan yi shi ne in biya diyya.

Na aika Kano a sayo rigunan ruwa guda biyu, masu ruwan lemo, ɗaya taka, ɗaya ta masuncin da zai yi kasadar raka ka. Kuɗin falankin ruwa da za a sake wa gindin ma na ɗauka, ka turo yaro ya karɓa, amma da sharaɗin a rubuta sunan jirgin da manyan baƙaƙe a gefensa, kuma ni zan raɗa: Alherin Katsinawa. Katanga kuwa kai za ka gina abarka.

Ka sa rana bayan ruwa ya ɗauke, ka sanar da ni da wuri. Zan zo da tabarmata da 'yan unguwarmu na da waɗanda suka rage, mu zauna a tudu inda ƙafa ba za ta jiƙe ba. Kada ka roƙe ni in shiga. Kuma wannan karon, in za ka koma ɗauko wani abu, ka nemi wani mai gadin.